Hoton Majalisa a Jikin Kofi

A Ingila akan sayar wa baƙi kofin tangaran mai hoton majalisar dokokinsu ta Landan, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1834, domin tsaraba. Da za a yi irinsa a Sakkwato, wane gini ya cancanta? Wasu za su ce Zauren Lugga na Kaduna, inda Sarkin Musulmi Abubakar III da Sardauna suka zauna majalisa zamanin Jihar Arewa. Amma majalisar su Waziri da Magajin Gari ta girme shi nesa, a soron fada kuwa take zama. Matsalar ita ce, gwanintar maginin Hausa daga cikin soro take, wato bakan gizo da jeren azara, alhali mai zanen kofi fuskar gini kawai yake ɗauka.