Auna raunin ƙuruciya: fassara kaɗai ba za ta wadatar a Moriki ba

Yaron da aka haifa shekara goma da suka wuce a Moriki, cikin ƙaramar hukumar Zurmi, da ƙarar bindiga ya buɗe ido. A 2024 ma an ruwaito Bello Turji ya ɗora wa garin harajin miliyoyin naira. Haka lamarin yake a ƙauyukan Shinkafi da Ƙaura Namoda. Gobe wasu daga cikin yaran nan za su je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato da firgita ko rashin barci, likita kuma zai so sanin abin da ya same su tun suna ƙanana.

Akwai takardar tambayoyi da likitoci a ƙasashe da dama ke amfani da ita don haka, mai suna CTQ. David Bernstein da Laura Fink ne suka tsara ta a Amurka. Gajeren nau'inta tambaya 28 ne kan abubuwa biyar: zagi da wulaƙanci, duka, lalata, rashin nuna ƙauna, da rashin ci da sutura da magani.

Likitocin Koriya ta Kudu ba su tsaya ga fassara ta ba. A 2011 sun wallafa sakamakon gwada ta a kan masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, inda suka duba ko mutum zai maimaita amsarsa bayan wani lokaci, da ko sakamakon ya dace da na wasu ma'aunai. Ƙa'idar aikin ita ce wani ya fassara, wani daban ya mayar da fassarar harshen asali, a kwatanta, sannan a ji yadda marasa lafiya suka fahimci kowace tambaya.

A ƙasar Hausa, a wannan mataki na ƙarshe gizo ke saƙar. Takardar na tambaya ko mutum ya ji ana son sa a gida. To uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alkunya take yi. Idan tambayar ba ta san da wannan ba, sai ta rubuta uwa mai kunya a sahun masu sakaci. Duka kuwa, da yawa horo suke kiransa, sai su ce ba a taɓa cutar da su ba ko da tabon bulala na bayansu. Wanda ya tashi a hannun mariƙiya ko a tsangaya, wane gida zai ba da labarinsa?

Tambayar yunwa ta fi rikitarwa. Yaron da ya kwana bai ci ba saboda 'yan bindiga sun hana ubansa zuwa gona, ba sakacin iyaye ba ne. Sannan wanda bai iya karatun boko ba sai an karanta masa, kuma da wuya matar aure ta amsa tambayar lalata da baki a gaban baƙon namiji.

Babban giɓin shi ne CTQ ba ta tambayar garkuwa da mutane, ko ƙone gari, ko ganin an kashe uba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tata takardar, ACE-IQ, wadda ta haɗa da tashin hankalin unguwa da na yaƙi. Ita ta fi kusa da rayuwar yaron Moriki, amma ita ma sai an gwada Hausarta a bakin mutanen Zurmi da Shinkafi kafin likita ya dogara da makin da ta bayar.