Darasin Tattalin Arziki a Babbar Sakandare: Abin da Ya Ƙunsa da Yadda Ake Naƙaltarsa

Tattalin arziki na cikin darussan da ɗalibi ke fara haɗuwa da su idan ya shiga aji huɗu na sakandare a Najeriya. Yakan shekara uku yana karatunsa kafin ya zauna jarrabawar WAEC ko ta NECO. Wasu kuma sukan zurfafa a cikinsa a shirin share fagen shiga jami'a na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi.

Tushen darasin abu ne da kowane magidanci ya sani: buƙatu ba su da iyaka, abin hannu kuwa ƙayyadadde ne. A kan wannan ne masanin Ingila Lionel Robbins ya gina ma'anar da ya ba fannin a 1932, wadda har yau ake koyarwa a ajin farko na babbar sakandare. Tun da abin hannu bai isa komai ba, dole a jera buƙatu bisa muhimmancinsu, a zaɓi wata a bar wata. Abin da aka haƙura da shi, shi ne ainihin tsadar zaɓin. Manomin da ya shuka waken suya a gonarsa ya sadaukar da masarar da gonar za ta iya ba shi, ko da bai fitar da ko sisi ba.

Daga nan sai a shiga yadda farashi ke samuwa tsakanin yawan masu nema da yawan kayan da ke kasuwa. Hatsi na araha da kaka saboda kowa ya kawo nasa, sannan ya yi tsada a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ɗalibi yakan koyi zana wannan a jadawali, ya kuma auna yadda ciniki ke sauyawa idan farashi ya motsa. Gishiri ko ya yi tsada ba a fasa sayensa, amma kayan ƙawa da zarar sun hau sai masu saye su ja baya.

Bayan wannan kashi na farko, kashi na biyu na darasin ya shafi ƙasa baki ɗaya: kuɗi da bankuna, haraji da kasafin kuɗi, rashin aikin yi, hauhawar farashi da cinikayya tsakanin ƙasashe. A nan ake nazarin aikin Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1959, da tarihin naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, da ƙungiyoyi irin su ECOWAS da OPEC. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 misali ne da ɗalibai suka gani da idonsu: kuɗin mota ya tashi, na dakon kaya ya bi, daga nan tsadar ta isa kwanon awo.

Darasin yana buƙatar lissafi. A jarrabawar WAEC, bayan tambayoyin canki-canka, akwai sashen da ake ba ɗalibi alƙaluma ya yi aiki da su, sannan sashen dogon bayani. Mai son karanta fannin a jami'a kuma sai ya samu kiredit a lissafi da Turanci, ya kuma haɗa da lissafi a jarrabawar JAMB.

Babban abin da ke kayar da ɗalibai shi ne hadda ba tare da fahimta ba. Wanda ya haddace ma'anar hauhawar farashi amma ya kasa bayyana dalilin tashin kuɗin buhun shinkafa, da sauransa. Maganin hakan shi ne malami ya riƙa kawo misalai daga kasuwar garin, ɗalibi kuma ya riƙa bin rahoton farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata. Wanda ya koyi darasin ta haka zai amfana da shi ko a jami'a, ko a shago, ko a gona.