Kiwon Ƙaramar Mesa a Sakkwato: Yadda Ake Ciyar da Ita Ba Tare da Ta Haɗiye Shimfiɗarta Ba

Maciji ba ya tauna, ba shi da hannun da zai kakkaɓe abinci, kuma haƙoransa a lanƙwashe suke suna duban maƙogwaro. Duk abin da ya manne wa ɓeran da ya kama, yashi ne ko dusar katako, tare za su wuce ciki. Wannan ita ce matsalar da ke jiran duk mai kiwon ƙaramar mesa a gida, kuma a gari irin Sakkwato, inda shimfiɗar da ta fi araha ita ce ta fi haɗari, maganar ta wuce ta tsafta kawai.

Mesar da ake magana a kanta ba ita ce ƙatuwar da ke haɗiye akuya ba. Sunanta na kimiyya Python regius, Turawa kuma sun laƙaba mata sunan ƙwallo saboda idan ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, kuma takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. 'Yar asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, inda take yini a cikin shuri ko ramin ɓera, ta fito farauta da dare. Daga Togo da Benin da Ghana ake fitar da ita zuwa Amurka da Turai, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a ɗaki. A ƙasar Idemili ta Jihar Anambra ba a kashe mesa, a Wida ta Jamhuriyar Benin kuma har ɗaki na musamman aka gina mata.

A ƙasar Hausa an fi sanin maciji a hannun gardawa, a cikin kwando ko akwatin katako. Kiwon sha'awa wani abu ne daban, kuma mafi yawan bayanan da ke Facebook da YouTube an yi su ne don ƙasashen sanyi, inda damuwar mai kiwo ita ce yadda zai ɗumama akwati. A Sakkwato sau da yawa lissafin a juye yake.

Abin da cikin mesa ke iya narkarwa

Binciken da Stephen Secor da Jared Diamond suka yi a Amurka a shekarun 1990 kan mesar Burma ya nuna yadda cikin mesa ke farkawa bayan ta ci abinci: ruwan tumbinta yakan koma mai tsananin tsami har ya narkar da ƙashi. Gashi ne ke tsira, ya fito a kashi. Amma wannan ƙarfin don nama da ƙashi aka yi shi. Ba ya narkar da katako, ba ya narkar da ɓawon tsiro, balle yashi da tsakuwa.

Ba wai ƙwayar ƙasa ɗaya za ta kashe ta ba. A daji ma a kan ƙasa take cin abincinta, kuma lafiyayyar mesa mai samun ruwa da ɗumi daidai takan kasayar da ɗan abin da ta haɗiya. Haɗarin yana zuwa ta hanya uku: abu ya yi ta taruwa ciyarwa bayan ciyarwa har ya toshe hanji, ko tsinke mai kaifi ya soki dasashi ya zama ruɓewar baki, ko kuma dogon abu kamar tsumma ko tishu ya bi ɓeran ya shige gaba ɗaya. Na ukun ya fi muni, domin mesa idan ta fara haɗiya ba ta san inda abinci ya ƙare ba. Muddin abu yana ɗauke da warin ɓera, ja za ta ci gaba da yi.

Shimfiɗa

Yashi kyauta ne a Sakkwato, kuma shi ne farkon abin da ya kamata a kawar. Yana manne wa duk abu mai danshi, yana da nauyi, yana kwanciya a hanji, ga shi yana busar da akwati. Mesar nan ba macijin hamada ba ce.

Dusar katako daga wurin masu yankan katako ita ce ta biyu. Garin yana shiga hanci da baki, kuma mai ɗiba ba shi da hanyar sanin ko wane itace ne, ko an fesa masa maganin gara. Ɓuntun shinkafa, wanda ake samu jibge a injinan casa saboda noman fadamar Gulbin Rima, yana yi wa masu kiwon kaji aiki, amma ga maciji bai dace ba: bakinsa tsini ne, yana da kaushi, kuma yana liƙe wa jiƙaƙƙen gashi kamar ƙarangiya.

Abin da ya rage shi ne takarda da ɓawon kwakwa. Tsohuwar jarida ko takardar kwali mara sheƙi ba ta da kyan gani, amma ga ƙaramar mesa ko wadda aka kawo sabuwa babu kamarta, don a kanta ake ganin kashi da kaska da duk wani canji. Ɓawon kwakwa da aka sara gutsi-gutsi yana riƙe danshi, abin da ake matuƙar buƙata da hunturu. Gutsin ya zama manya, waɗanda za su faɗo da kansu idan sun taɓa ɓera, ba gari ba.

Tsohuwar muhawarar akwati na biyu

An daɗe ana ba masu kiwo shawarar su ɗauke mesa su sa ta a wata robar da ba shimfiɗa, ta ci a can, sannan a mayar da ita. Hujja biyu ake kafawa: ba za ta haɗiyi komai ba, kuma ba za ta riƙa ɗaukar buɗe akwati a matsayin lokacin abinci ta sari hannu ba. Hujjar farko gaskiya ce. Ta biyun ba ta da ƙarfi, kuma kuɗin da ake biya ya fi ribar. Wannan mesa matsoraciya ce. Ɗaukarta kafin ci yakan sa ta ƙi abincin, ɗaukarta bayan ci kuma yakan sa ta amayar da shi, kuma aman maciji ba ƙaramin abu ba ne: yana ƙona maƙogwaro, sai an jira kamar mako biyu kafin a sake gwada ba ta wani abu.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kawo mata teburin har gida. Tayil ɗaya na daɓen ɗaki, ko faffaɗan tire, ko murfin roba, a ajiye a bakin maɓoyarta tun da rana don ta saba da shi. A kansa ake miƙa abincin. Wani lokaci za ta ja ɓeran ta sauka daga kai, to a nan ne aiki na biyu ke cetonta, wato a ba ta abincin a bushe.

Mafi yawan haɗiyar shimfiɗa daga jiƙaƙƙen ɓera take farawa. Wanda aka daskarar a firiza ana narkar da shi ne a cikin leda a ɗaure, a tsoma ledar a ruwa, yadda ruwan ba zai taɓa gashin ba. Idan ya narke har ciki, a ɗumama shi da ruwan zafi-zafi, a goge duk wata laima, sannan a miƙa da dogon hantsaki, a riƙe shi sama da ƙasa kaɗan, kai yana gaba. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, don takan dafa wani ɓangare ta bar wani da ƙanƙara, wani lokaci cikin ya fashe. Kada kuma a bar tishun da aka yi gugar da shi a cikin akwatin.

Na'urorin da suka cancanci kuɗinsu

A leɓen saman mesa akwai 'yan ramuka da ke jin zafin jikin dabba a cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta kusan ba abinci ba ne. Idan hannun mai miƙawa ya fi ɓeran ɗumi, hannun za ta nufa, idan kuma ta kai sara ta kuskure, bakinta a shimfiɗa zai sauka. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda ya cika ƙofofin bankuna da asibitoci a 2020 lokacin korona, yana warware wannan. Ana son jikin ɓeran ya kai digiri 37 zuwa 40. Sai dai irin na auna goshi yana da tsari biyu, na jikin mutum da na saman abu, kuma na biyun ake buƙata, domin na farkon yana ƙara wani lissafi a kan abin da ya gani. Sama kawai yake aunawa, ba ya ganin ƙanƙarar da ta rage a ciki, wannan sai an latsa da yatsa. Ba ya kuma aunawa ta bayan gilashi.

Zafin akwatin kansa shi ke tura abinci a hanji. Ana son gefe ɗaya ya kasance wajen digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 25 zuwa 27, don ta zaɓa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma ɗakin kwano da rana ya fi ƙarfin dabbar da Allah ya yi ta don ramin ƙasa. A irin wannan lokaci akwatin ya koma ɗakin da ya fi sanyi, a ƙasa, nesa da taga, kuma gara a ɗaga ciyarwa da a ciyar cikin tsananin zafi. Da daren Disamba da Janairu ne aka fi buƙatar tabarmar ɗumi, ita ma sai da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyaka. Ba tare da ita ba tabarmar takan ƙona cikin maciji, don ba ya saurin tashi daga wurin da ke ƙona shi.

Ƙaramin ma'aunin laima mai batir shi ne aka fi rainawa, kuma shi ya fi muhimmanci a nan. Mesar tana son laimar iska kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari ko sama. Iskar hunturu takan sauko ƙasa da kashi 20. Macijin da ya bushe kashinsa yana tauri, kuma ɗan guntun da zai wuce salin-alin da damina shi ne zai tsaya a watan Janairu. Babban kwanon ruwa, da kasko ko tukunyar ƙasa da aka jiƙa aka kife aka fasa mata ƙofa, suna yin aikin da injin feshi mai tsada ke yi, kuma ba ruwansu da ɗauke wuta.

Sai sikelin kicin na lantarki. Kaurin abinci kada ya wuce inda jikin mesar ya fi kauri. Ƙanana suna ci duk kwana 5 zuwa 7, manya duk mako biyu ko uku. Babbar mesa takan ƙi ci na watanni, musamman da rani, kuma sikeli ne zai nuna ko azumin al'ada ne ko rama.

Ɓeran gida ba abinci ba ne

Ɓeran da aka kama a rumbu ko kasuwa yana iya ɗauke da gubar da aka zuba masa, ga tsutsar ciki. Ga mutum kuma akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, kuma ɓeran Mastomys natalensis ke yaɗa shi. Abin mamaki, irin wannan ɓeran ne masu kiwo a Turai da Amurka ke hayayyafawa a keji don mesar tana son sa, amma nasu tsararraki ne da ba su taɓa ganin daji ba. A nan mafita ita ce fararen ɓeraye da aka kiwata a keji. 'Yan tsaki ma suna shiga jefi-jefi: binciken Luca Luiselli da Francesco Angelici na 1998 a kudu maso gabashin Najeriya ya gano mazan wannan mesa sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin ɓeraye. Ɓera mai rai ba a barinsa da ita ba tare da ido ba, don yakan gwaguye macijin da ba ya jin yunwa. Wanda firizarsa ta narke ta sake daskarewa saboda rashin wuta kuma na zubarwa ne.

Akwai batun doka. Nau'in yana rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, kuma Najeriya ta kafa doka a 1985 kan cinikin namun dajin da ke cikin barazana, wadda aka yi wa gyara a 2016. Hukumar NESREA ce wurin tambaya kafin saye.

Idan ta riga ta haɗiya

Guntun da ya maƙale a gefen baki tana cikin haɗiya ana iya cire shi da hantsaki a hankali, in ba zai firgita ta ba. Abin da ya riga ya shiga maƙogwaro ba a jansa, haƙoran za su yage ko su karye. Ba a ɗura mata mai. A bar ta kwana biyu ba taɓawa, a gyara zafi da laima, a jira kashi. Kumburin da ba ya sauka a ƙasan ciki, yunƙurin kashi ba fita, amai, ko yawu mai kauri a baki, alamu ne na a nufi likita, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato. A tafi da samfurin shimfiɗar da ranar ciyarwa ta ƙarshe a rubuce, domin yashi da tsakuwa suna fitowa sarai a hoton ƙashi, amma katako da ɓuntu da tsumma sau da yawa ba sa fitowa.