Wa Ke Riƙe da Akalar Fim Ɗin Hausa? Raddi ga Masu Cewa Turawa Ne

Tun daga watan Satumba na 2025, lokacin da kamfanin talabijin na Faransa, Canal+, ya karɓi ragamar MultiChoice mai DStv da GOtv, wata tsohuwar magana ta sake samun gindin zama a majalisunmu, daga Bichi zuwa Dambatta, daga Kunchi zuwa Minjibir. Maganar ita ce Turawa ne ke zuba kuɗi a fim ɗin Hausa ta bayan fage, su ke tsara abin da za a nuna, kuma manufarsu rusa tarbiyyar 'ya'yan Musulmi. Yanzu da suka saye tashoshin kacokan, in ji masu wannan ra'ayi, asiri ya tonu.

Masu faɗar haka yawancinsu iyaye ne da malamai masu kishin gidajensu, kuma zarginsu yana da tushe. Dattawanmu sun ga majigi, motar da gwamnatin mulkin mallaka ke kaiwa ƙauyuka a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a nuna wa talakawa abin da hukuma ke so su gani. Fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950 an shirya shi ne don a kwaɗaita wa manoma noman da kamfanonin Ingila ke bukatar amfaninsa. A zamaninmu ma, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, ta hannun ƙungiyar Equal Access. Wanda ya san waɗannan, ba za a ga laifinsa ba idan ya yi taka-tsantsan. Sai dai taka-tsantsan daban, hukunci ba hujja daban. Mu bi maganar daki-daki.

Da farko, mene ne Canal+? Tasha ce ta kuɗi da aka buɗe a Faransa a watan Nuwamba na 1984, wadda yawancin shirye-shiryenta ba ka kallo sai ka biya kuɗin wata. Gaskiya ne ita ce babbar mai ɗaukar nauyin finafinan Faransa, amma ba don Allah da Annabi take yi ba. Dokar ƙasar ce ta wajabta wa tashoshi irinta su mayar da wani kaso na kuɗin shigarsu ga shirya finafinai, a madadin haka kuma a ba ta damar nuna sabon fim wata shida kacal bayan fitowarsa a silima, kafin abokan gogayyarta. A yarjejeniyar ƙarshen 2021 ta yi alƙawarin sama da Yuro miliyan 600 cikin shekara uku. Da aka zo sabuntawa a 2025, lissafinta ya canza, sai ta sauko zuwa miliyan 480. Kamfanin da ke rage wa finafinan ƙasarsa kuɗi idan ciniki bai yi masa ba, kuma hannun jarinsa ke kasuwar Landan tun Disambar 2024 masu jari na bin diddigin kowane kwabo, da wuya a ce yana ɓarnar da dukiya a ɓoye don ya canza halin yaran Tsanyawa.

Na biyu, a duba inda ya sa kuɗinsa a Afirka, domin duk a fili aka yi. A 2019 ya sayi ROK Studios na Legas, wanda Mary Njoku ta kafa, saboda finafinan Kudu na da kasuwa a ƙasashen da ke magana da Faransanci idan an juya su zuwa harshen. Ya shiga Kana TV ta Habasha a 2021, da Zacu ta Ruwanda a 2022, ya kuma sayi hannun jari a Marodi ta Senegal a 2024. Sannan ya biya rand 125 kan kowane hannun jari ya mallaki MultiChoice ta Afirka ta Kudu. Zaren da ya haɗa su ɗaya ne: duk inda ake da mutanen birni masu iya biyan kuɗin wata, can yake nufa, ya ba su shiri da harshensu don kada su daina biya. Tashar Africa Magic Hausa, wadda ta shigo hannunsa cikin wannan ciniki, tana nan tun 2010, kuma yawancin abin da take nunawa finafinai ne da furodusoshinmu suka riga suka shirya da kuɗinsu, ita ta sayi izinin haskawa. Kamfanin da aka saya ɗin ma ba da ƙarfinsa aka same shi ba, domin rahotonsa na 2025 ya nuna ya yi asarar masu biya fiye da miliyan guda a Nijeriya cikin shekara biyu, saboda tsadar rayuwa da faɗuwar darajar naira. Mai gida ya cire kati daga dikoda, an ji a jikin kamfani har Johannesburg.

Na uku, tarihin masana'antar da kansa ya ƙaryata zancen. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fito da shi a Kano a 1990. Jarin da ya raya sana'ar bayan nan ya fito ne daga aljihun matasa masu sha'awa, da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata. Su ne ke sayen fim, su buga, su raba wa dillalan da ke kaiwa kasuwannin ƙauye. Rawa da waƙar da aka fi kuka da su kuwa ba daga Faris suka zo ba. Daga finafinan Indiya aka kwaso su, waɗanda gidajen silima na Kwarori suka shekara da shekaru suna nunawa a Kano, jama'a na cika su maƙil. Da Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, sai 'yan kasuwa suka riƙa juya wa fim marar waƙa baya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan. Ɗan kasuwa ya bi abin da mai saye ke so, mai sayen kuwa mu ne.

Na huɗu, mu kalli hanyar da fim ke bi ya shigo gidajenmu a yau. Ka je kasuwar Bichi ko ta Dambatta ranar da take ci, ka tsaya a rumfar mai cajin waya. Allo ne cike da soket, wayoyi jere kowace da lambarta, inji na ruri a baya ko farantin sola a kan rufi. A gefe ga yaro da kwamfuta, matasa sun yi layi da memori a hannu, wannan na cewa a tura masa ci gaban Labarina, wancan na neman Izzar So, wani kuma fassarar Algaita yake so. Da daddare waya ɗaya za ta zagaya tsakar gida, uwargida da amarya da 'yanmata sun kewaye ta bayan an kwashe tuwo. Babu dikoda a wannan hanya, babu kuɗin wata, babu ko sisin da ya isa Faransa. Inda ake ganin tauraron DStv a ƙauye shi ne gidan kallo, kuma abin da ke rubuce da alli a allon ƙofarsa wasan Arsenal ne ko na Real Madrid. Idan akwai abin da Canal+ ya gada a karkararmu, to ƙwallo ne.

Saura batun Arewa24, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu wancan ra'ayi. Tallafin na Amurka ba a ɓoye yake ba, jaridu sun buga shi tun a shekarar da aka buɗe tashar, an kuma bayyana manufarsa, wato yaƙi da tsattsauran ra'ayi a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. Mutum na da 'yancin ƙin amincewa da wannan manufa. Amma tasha ɗaya ce, ta zo shekara 24 bayan Turmin Danya, daga baya kuma ta koma kamfani mai neman talla kamar kowa. Ƙari a kan haka, Kano na da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22 saboda rashin kai su a tace, ciki har da Daɗin Kowa na Arewa24 ɗin da Labarina. Ko mutum ya yaba wa matakin ko ya kushe shi, ya nuna cewa wuƙa da nama na hannun hukumar da ke cikin garin Kano.

Wannan ba ya nufin shigowar babban kamfani irin Canal+ ba ta da abin dubawa. Akwai, amma a wani wuri dabam da wanda ake nuna wa yatsa. A ƙasarmu ta arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta sai dai a ciyar da shi da taki, kowane manomi ya san bambancin ba da gona haya da sayar da ita. Haka fim yake. Furodusan da bashi ya sha wa kai, wanda masu tura fim a waya suka raba aikinsa ba tare da ya ga riba ba, shi ne zai sa hannu a takarda ya sallama fim ɗinsa har abada a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Idan irin wannan ciniki ya yawaita, wata rana jikokinmu za su biya baƙo kafin su kalli labarin kakanninsu. Maganin kuwa sananne ne: kwangila mai wa'adi, lauya ya karanta kafin a sa hannu, ƙungiyoyin masu shirya fim irin MOPPAN su tsaya da murya ɗaya wajen ciniki, masu tura fim kuma su riƙa biyan haƙƙin mai shi.

Illar ɗora komai a kan Bature ita ce tana sauke mana nauyin da yake namu. Uban da ya yarda cewa wata ƙasa mai nisa ce ke juya komai, zai yi Allah wadai a majalisa ya koma gida bai tambayi abin da ke cikin wayar ɗansa ba. Attajirin Dawanau da ke iya ɗaukar nauyin fim a kan tarihin Kano ko rayuwar manomi zai ce ai harkar ba tamu ba ce. Malamin da ya kamata marubuta su riƙa kai wa labari ya gyara musu zai nesanta kansa, a bar fagen ga wanda ya samu.

Don haka, ɗan'uwa mai kishi, kishinka daidai ne, inda ka dosa da shi ne ke bukatar gyara. Fiye da shekara talatin, wanda ke yanke hukuncin abin da fim ɗin Hausa zai ƙunsa shi ne wanda ke sa hannu a aljihu ya saya, ko ya buɗe YouTube ya kalla. Canal+ ma, da duk jarinsa, wannan mutumin yake nema. Idan muna son fim mai mutunci, mu biya kuɗin mai mutuncin, mu ƙaurace wa wanda ba shi da shi, mu kuma taimaka wa masu sana'ar su riƙe mallakar abin da suka shirya.