Tarihin Kulob ɗin Ƙwallon Ƙafa na Garin Darwen

Darwen ƙaramin gari ne a lardin Lankashir, a arewacin Ingila, wato lardin masaƙu inda a dā ake kai audugar Arewa. A nan aka kafa kulob ɗin a 1870, yawancin 'yan wasansa kuwa leburorin masaƙa ne.

A zamanin nan ƙwallo wasan 'ya'yan manya ne. Amma a 1879 Darwen ta gamu da Old Etonians, tsofaffin ɗaliban makarantar Eton, a gasar Kofin FA a birnin Landan. Saura minti 15 a tashi ana cin Darwen 5 da 1, sai ta rama, aka tashi 5 da 5. Mutanen gari suka yi karo-karo don kuɗin jirgin ƙasa, aka koma, aka yi 2 da 2. Sai a karo na uku aka ci su 6 da 2. Cikinsu akwai Fergus Suter, mutumin Sikotilan, wanda ake lasaftawa cikin na farkon da suka mai da ƙwallo sana'a.

A 1891 kulob ya shiga babbar gasar ƙasa, Football League. To, manyan birane sun fi shi 'yan kallo, saboda haka sun fi shi kuɗin sayen gwanaye. A kakar 1898 zuwa 1899 aka ci shi wasa 18 a jere, ƙwallo 141 suka shiga ragarsa. Ya fita, bai sake komawa ba.

Daga nan ya zauna a ƙananan gasa na lardi har shekara 110, yana wasa a filin Anchor. A 1932 ya je gidan Arsenal, aka ci shi 11 da 1, amma Arsenal ta yi masa kyautar jajayen riguna, ya riƙe launin tun daga ranar. A 2009 bashi ya yi masa katutu, kotu ta rushe shi. Magoya baya suka kafa sabo, AFC Darwen, suka fara daga ƙasa.

Abin lura ga hakimai da malaman da ke riƙe da littattafan ƙungiyoyi shi ne, shan kaye a fili bai kashe wannan kulob ba, bashi ne ya kashe shi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ƙungiyar da ke son daɗewa, sai ta sami ma'aji amintacce, ta rubuta shiga da fita, kada kuma ta kashe abin da ba ta da shi.