Lissafin Mota Tun Daga Bakin Teku Har Ƙofar Gida

Ku sani kuɗin da ake faɗa wa mutum na mota a Amurka ko Beljiyam somin taɓi ne. Wanda ya sayar da shinkafarsa ta Bakolori domin ya yi odar mota, to ya zauna ya ƙidaya matakanta tukuna.

Na farko, ladan jirgi. Kwantena mai ƙafa 40 takan ɗauki mota biyu zuwa huɗu, masu su su raba kuɗin. In ɗayansu ya makara da takardunsa, duka sai su jira shi.

Na biyu, kwastan. Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, hanyar Kwatano ta toshe ga mai bin doka, sai tashar ruwa kamar Apapa da Tin Can a Legas. Kuɗin fito kuwa da dala ake auna shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mota tana bisa ruwa, lissafinta yana sauyawa.

Na uku, jinkiri. In kwanakin rangwame suka cika ba a fitar da kaya ba, kowace rana da tararta. Bayan wannan ga ladan ajan, ga na direban da zai kawo ta ta Funtuwa da Gusau.

Sa'an nan ga haɗari. A Maris 2019 wuta ta kama jirgin Grande America, ya nutse kusa da Faransa da motoci kimanin 2,000. A dokar teku kuma, in an zubar da kayan wasu domin jirgi ya tsira, waɗanda nasu ya kuɓuta su ma suna da kaso a hasarar. Akwai kuma motar da ambaliya ta cinye a can, a wanke ta a yi gwanjonta, aibinta ba ya bayyana sai ta yi wata a hannunka.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kada ka miƙa kuɗi sai an ba ka lambar jikin motar ka sa an bincika tarihinta. A rubuta, gaban shaidu, wanda hasara za ta hau a teku da tasha da hanya. In babu wannan, gara ka sayi wadda idonka ya gani a Kano ko Sakkwato, ko da ta fi tsada.