Ma'aikaci da mura: mi doka ta ce?

Ɗari ya shigo, mura ta yi yawa. Ƴan'uwa masu zuwa aikin albashi birni, ku saurara.

In masassara da tari suka kama ma'aikaci, kada ya je wurin aiki, don tari da atishawa ke raba cutar. Kada kuma ya kwanta gida shiru.

Ya je gidan likita a duba shi, ya amso takarda. Sannan ya aika ma uban gidansa da ita tun da wuri.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ce: wanda likitan da hukuma ta yarda da shi ya shaida ciwonsa, ana aje masa gurbinsa har wata 6. In babu takarda, ana iya cewa ƙin aiki ya yi, a sallame shi.